A Gefen Gadon Baba: Kundin Jinya

Talata, da dare

Baba ya samu barci yanzu. Bari in rubuta abin da ya faru tun ban manta ba, don gobe likitoci za su sake tambaya, dangi ma haka.

Jiya lafiya lau ya kwanta bayan isha'i. Da asuba Umma ba ta ji fitarsa masallaci ba, ta leƙa ɗakin, ta tarar yana ta yunƙurin tashi. Hannun dama da ƙafar dama sun ƙi, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Kafin hantsi muna sashen gaggawa. Awon hawan jini ya nuna 190 bisa 105, sukari kuwa daidai.

Likitan bai tambayi yaushe muka gan shi a haka ba. Cewa ya yi, "Hajiya, yaushe ne rabonki da ganinsa lafiya?" Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, alteplase, amma a bisa ƙa'ida cikin awa huɗu da rabi da farawar ciwon ake yin ta. Wanda ya farka da ciwon, daga lokacin da ya kwanta ake ƙirga masa. Wannan ƙofa ta rufe ke nan. Ko da a buɗe take ma, ba kowane asibiti a ƙasar nan ke da allurar ba.

Bayan azahar aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT. Babu zubar jini. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. A ido kamarsu ɗaya, a magani sun yi hannun riga, domin asfirin ɗin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya ba da rahoto a 2018 cewa a cikin mutum 2,118 da suka kamu, kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan. Shi ya sa na hana Yaya ba shi asfirin a mota.

An rubuta masa asfirin da atorvastatin mai miligiram 80. Ƙwayar nan kullum sai na miƙa wa wani ita a kantin magani inda nake aiki. Yau sunan mahaifina ne a kan takardar.

Yaya ya ɗan ɗaga murya da ya ga ba a sauke jinin ba. Nas ta ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, da gangan ne." Gaskiyarta. Naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye da wurin da ya mutu, da ɗan jinin da ke ratsowa ta gefe yake rayuwa, kuma yana bukatar ƙarfin bugun. A kwana ɗaya ko biyun farko ba a gaggawar saukewa sai ya haura 220 bisa 120.

Laraba

Gwaggo ta iso da sassafe daga gida, da rubutu a jarka da man zaitun da habbatus sauda. A wajenta magana ta ƙare: mutumin da ya kwanta lafiya ya tashi a haka, iska ce ta buge shi. Har ta cika kofi nas ta tare ta da ladabi. Ba a ba mai irin wannan ciwo komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa, don ruwan na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu ya zama ciwon limoniya. Ko ƙwayoyinsa na jiya sai da aka yi gwajin farko kafin a ba shi su cikin kunu mai kauri, ruwa zalla kuwa an ce a dakata.

Na tsaya na kalli gwajin na yau. Aka tayar da shi zaune, aka tokare shi da matashi. Nas ta ɗebo ruwa a ƙaramin cokali, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa. Ya haɗiye. Ta ce, "Baba, ce 'aa'." Muryar ta fito a bushe, babu gargada, babu tari. Cokali na biyu, na uku, sannan kurɓi daga kofi. Ɗan ruwa ya zubo ta gefen bakin da ya karkace, Umma ta goge da gefen mayafinta. Nas ta ce ya wuce. Gwaggo ta ba shi rubutunta, kowa ya samu yadda yake so.

Da na ɓallo ƙwayar dare ta tambayi ta mece ce. Na ce ta rage kitsen jini ce. Ta dubi ƙaninta daga sama har ƙasa, ta dube ni. "Kai yaro, wannan ne mai kitse? Mutumin da tun yana saurayi ake ƙirga haƙarƙarinsa?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Kolestirol ba teɓa ba ne. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta, ko mutum ya ci maiƙo ko bai ci ba. Nau'in da ake kira LDL shi ke kutsawa cikin bangon jijiya, musamman bangon da hawan jini ya daɗe yana duka. Shekara da shekaru yana taruwa har ya yi tudu, hanya ta ƙuntata. Wata rana saman tudun ya tsage, jini ya daskare a wurin, gudan ya toshe hanyar ko ya ɓalle ya tafi ya maƙale a ƙaramar jijiya cikin ƙwaƙwalwa. Siriri da mai jiki duk suna iya tara shi.

Da yamma sakamako ya fito: LDL ɗin Baba 4.1. Na nuna wa Gwaggo takardar. Ta ce ita ba ta karatun boko, amma a ci gaba da ba shi.

Alhamis

Umma ta kawo ledar magungunansa daga gida, likita ya ce yana son gani. Kwalayen maganin hawan jini ne, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Ta ce sai ya ji ciwon kai yake sha, in ya lafa ya ajiye.

Da daddare tana zaune a kan tabarma ta yi mini tambayar da na san tana tafe. "Wannan ƙwayar da kake ba shi, kwana nawa take yi kafin hannun ya tashi?"

Na gaya mata gaskiya. Ba ita za ta ɗaga hannun ba. Na ce, Umma, kamar yaɓen katanga ce kafin damina: ba ta tayar da ɗakin da ya riga ya faɗi, sauran ginin take tsarewa. Hannu kuwa, sai ikon Allah, sai gashi, sai haƙuri.

Masana sun so a ce ta fi haka, kuma suna da dalili. Bayan rage kolestirol, magungunan nan da ake kira sitatin suna kwantar da kumburin bangon jijiya, suna sa tudun ya yi ƙwari kada ya tsage. A gwajin dabbobi ma an ga suna rage girman ɓarnar ƙwaƙwalwa. Sai aka tambaya: in an ba mutum a ranar farko, zai fi warwarewa? A Japan, gwajin ASSORT na 2017 ya raba mutum sama da 250 gida biyu, wasu aka fara musu cikin awa 24, wasu sai a rana ta bakwai. Bayan kwana 90 ba a ga bambanci a nakasarsu ba. A Sin aka yi wanda ya fi girma, INSPIRES, da mutum 6,100, aka buga sakamakonsa a 2024. Waɗanda aka fara wa miligiram 80 nan take, kashi 8.1 cikin 100 ciwon ya sake bugewa cikin kwana 90, waɗanda aka jinkirta wa kwana uku kuwa kashi 8.4. Kusan duk ɗaya. An dai ga 'yar alamar cewa na farkon sun ɗan fi iya kula da kansu, kuma farawa da wuri bai ƙara zubar jini ba.

To me ya sa ake farawa tun a gadon asibiti? Don ba ta cutarwa, kuma wanda aka sallama da ita a cikin ledarsa ya fi riƙe ta a kan wanda aka ce wa "sai ka dawo ganin likita". Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka na 2019 suka ga dacewar a fara ta a asibiti ga wanda ya cancanta.

Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya tsare sauran."

Juma'a

Ɗaki ya yi tsit lokacin masallaci, sai ni da ɗan dattijon da ke gadon kusa da mu. Nasu ciwon ya fi namu tsanani: ba magana, ba haɗiya, an zura masa roba ta hanci. Ɗan ya nuna mini wani kwali ya ce mahaifinsa ya shekara biyu yana shan wannan, amma tun da suka zo bai sha ba tunda baki ya rufe. Na duba, atorvastatin ne. Na ce ya kai wa likita yanzu, kada ya jira zagayen safe.

Ga wanda dama yake shan sitatin, a nan ne kwanakin farko suke da nauyi. A Sifen an buga wani bincike a 2007 a kan mutum 89 masu shan maganin da suka samu toshewar jijiya. Wasu aka dakatar musu na kwana uku, wasu aka ci gaba. Bayan wata uku, kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka dakatar wa sun rasu ko sun zama sai da taimakon wani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 39. Binciken ƙarami ne, amma ya isa ya sa likitoci su guji yanke maganin haka kawai.

Bayan la'asar na ga nas ta daka ƙwayar a ƙaramin turmin tangaran, ta dama da ruwa, ta zuƙa a babban sirinji, ta tura ta robar, ta bi da ruwa zalla. Ɗan ya ɗago mini hannu daga can.

Baba ya yi sallarsa a zaune, da taimama. Da na tallafe shi sai ya tambaye ni, da harshensa mai nauyi, wane ne ya haɗa ƙwayar. Dama shi mai son labari ne. Na ce wani Bajapane ne ya buɗe hanyar, Akira Endo, ma'aikacin kamfanin Sankyo a Tokyo. Ya bi fumfuna iri-iri har kusan 6,000 yana neman wadda za ta hana ƙera kolestirol, ya same ta a jikin shinkafar wani shagon hatsi na Kyoto, ya ciro sinadarinta a 1973. Sinadarin yana kama wani ma'aikaci a cikin hanta ya hana shi aiki. Hanta in ta ga ta rasa, sai ta shiga janyo LDL daga cikin jini, jini ya yi sauƙi. Na farko da ya shiga kasuwa shi ne lovastatin, a Amurka, a 1987. Endo ya rasu a 2024 yana da shekara 90.

Baba ya yi murmushi da rabin baki. "Fumfuna?" Na ce ita fa. Ya ce, "Allah mai iko."

Asabar

Yaya ya zo da waya a hannu, fuska a murtuke. Ya karanta cewa maganin yana jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ya ja ni baranda. "Malam, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutum yana fama da ɗaya, mu jawo masa ɗayar?"

Abin da ya karanta yana da tushe. Daga gwajin SPARCL ya fito, wanda aka buga a 2006, kuma a kansa aka gina ba masu shanyewar jiki wannan magani. Mutum 4,731 ne da suka samu ciwon, ko ɗan gargaɗinsa mai wucewa, wata ɗaya zuwa shida kafin nan. Rabi aka ba su atorvastatin 80, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su kusan shekara biyar. Zubar jini a ƙwaƙwalwa ya samu mutum 55 a masu shan maganin, 33 a ɗaya ɓangaren. Wannan layin Yaya ya gani.

Na ce, Yaya, duba layin da ke sama da shi. Toshewar jijiya: 218 a masu magani, 274 a marasa shi. In aka haɗa kowane iri, mutum 265 ne ciwon ya sake kamawa a masu magani, 311 a ɗaya ɓangaren. Ciwon zuciya ma ya ragu. Ribar ta rinjayi hasarar. Waɗanda suka fi shiga haɗarin zubar kuwa su ne wanda ciwonsa na farko dama fashewa ce, da wanda ya bar jininsa a sama. Na Baba toshewa ce. Abin da ya rage a hannunmu shi ne hawan jinin, ka kuwa ga kwalayen da Umma ta kawo.

Ya ce duk da haka zai tambayi babban likita. Na ce ya kyauta, haƙƙinsa ne.

Lahadi

'Yan dubiya sun cika ɗaki, kowa da kwanonsa. An kawo farfesun kayan ciki har kashi biyu, da tuwo da man shanu yana ninƙaya a kan miya. Masu jinyar ɗakin nan sun ci daɗi yau.

Rigimar yau ta hannun hagu ce. Baba ya ƙi cin abinci da shi, ya kuma gaji da a riƙa ba shi a baki. Sai da amininsa, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ya zauna a bakin gadon ya ce, "Alhaji, larura ce. Wanda ya hana ka ci da hagu shi ne ya ɗauke maka nauyin abin da ba ka iyawa." Ya karɓi cokali. Kunu ya zuba a rigarsa, bai kula ba.

Da yamma ya yi kukan ciwon kafaɗa. Wata 'yar uwa ta ce ai maganin kitsen nan ne, maƙwabciyarta ma sai da ta bar shi. Na taɓa wurin: kafaɗar dama ce kaɗai, wadda hannu ke rataye a jikinta ba mai riƙe shi. Ciwon tsoka na sitatin yakan zo ne a ɓangarori biyu, a cinyoyi da ƙwauri da damatsa. Mai tsananin, wanda tsoka ke narkewa fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ba kasafai ake ganinsa ba, amma in an gani asibiti za a nufa a ranar. A Landan an yi wani gwaji mai suna SAMSON a 2020, da mutum 60 da suka bar maganin saboda ciwon jiki. Aka ba su kwalabe na wata-wata, wasu da maganin gaske, wasu da na bogi, ba su san wanne ne wanne ba. Kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji, sun ji shi har a watannin na bogi. Rabinsu suka koma shan maganin. Ciwon da mutum ke ji gaskiya ne, amma ba kullum ƙwayar ce mai laifi ba.

Na sa matashi a ƙarƙashin hannun, na roƙi kowa ya daina jan Baba ta nan in za a tayar da shi.

Litinin

Mai gashi ya zo da safe. Ya sa Baba ya haɗa yatsun hannu biyu, na hagu ya ɗaga na dama sama, sau goma. Sannan ya ajiye murfin kwalba a kan tire ya ce a ture shi. Baba ya zuba masa ido, goshi ya yi gumi, babban yatsa ya motsa, murfin ya gusa kaɗan. Umma ta yi hamdala da ƙarfi har na gadon can suka waiwayo.

An yi hoton jijiyoyin wuya. Akwai tudu a ta hagu, wadda ke kai jini ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke juya dama, amma bai kai na tiyata ba. Awon zuciya bai nuna bugun da ke tangal-tangal ba, wanda da an gan shi da maganin tsinka jinin ya canza.

Babban likita ya saurari Yaya har ya gama, ya ba shi amsa kusan irin tawa, sannan ya rubuta lamba a bayan katin: 1.8. Nan ake so LDL ya sauka. Lambar daga gwajin da aka yi a Faransa da Koriya ta Kudu ta samu ƙarfi, wanda aka buga a 2020, da mutum 2,860. Waɗanda aka sa wa burin sauka ƙasa da 1.8, kashi 8.5 cikin 100 ne suka sake samun shanyewa ko ciwon zuciya ko makamancinsu. Waɗanda aka bari a tsakanin 2.3 da 2.8, kashi 10.9. Miligiram 80 yakan rage kusan rabi, daga 4.1 ke nan zuwa wajen 2. Ya ce in bai kai ba za a ƙara ezetimibe, mai hana hanji tsotsar kolestirol.

An dawo masa da maganin hawan jini a hankali, amlodipine. Na rubuta wa Umma a takarda: in an rasa atorvastatin a kemis, kada a karɓi simvastatin a madadinsa sai an kira ni, domin shi ba a wuce miligiram 20 in ana shan amlodipine. Haka in wani ya rubuta masa clarithromycin don tari, a faɗa masa Baba na shan sitatin.

Laraba

An sallame mu. Baba yana takawa da sanda, mutum ɗaya a gefensa. Hannu har yanzu sai a hankali.

Kafin mu fito ya tambayi likita da kansa, "Likita, wata nawa zan yi ina sha?" Likitan ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta da ranar gamawa. Ranar da ka ji ka warke sarai, ranar ma za ka sha." Ita ce wahalar wannan ƙwaya. Mai shan maganin zazzaɓi yana jin sauƙi a jikinsa, mai shan wannan ba abin da zai ji. In ta yi aiki, abin da zai faru shi ne ba abin da zai faru. Inda nake tsoro ba asibiti ba ne, wata na huɗu ne, lokacin da 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, kwali ya ƙare, kuɗi ya yi wuya, Baba kuma ya koma masallaci da ƙafarsa.

Don haka muka zauna a zaure bayan magariba muka raba aiki. Sayen magani nawa ne, na wata uku-uku, daga inda na san asalinsa. Yaya zai riƙa kai shi gashi. Autarmu za ta auna jini safe da yamma ta rubuta a littafi. Umma ce mai miƙa ƙwaya bayan isha'i, ta tsaya har ya haɗiye. Atorvastatin kowane lokaci aka sha yana aiki, amma lokaci ɗaya tsayayye ya fi wuyar mantawa. Bayan sati shida za a sake awon kolestirol da na hanta.

Tukunya kuwa Gwaggo ta karɓe ta. Na gaya mata binciken nan na SIREN ya lissafa yawan cin nama da barbaɗa gishiri a kan abinci da ƙarancin ganye cikin abubuwan da ke tafiya tare da ciwon a ƙasashenmu. Ta ce wannan ba sai Bature ya faɗa mata ba. Gobe kwaɗon zogale ne da rana, miyar alayyahu da dare, man shanu kuma ya koma ɗakinta.

Baba ya saurari duk wannan daga kan kujera, sannan ya tambaya ko kilishi ma yana cikin waɗanda aka kora. Gwaggo ta ce sai ranar sallah, shi ma falle ɗaya. Ya ce zai ɗaukaka ƙara wajen likita.